Tsagar Lasifikar Davou

"Davou ne ya tsaga lasifikarta da hannunsa, da reza, don ta yi gurnani, tun 1986!" Desmond ya faɗa yana nuna amfilifayar, akwatin ƙara sautin jita. "Alhaji, me ka yi mata?"

Muna tsaye a garejin maƙwabcina Davou, a garin Laurel kusa da Washington, da la'asar ɗin wata Asabar ta 2011. Ni Injiniya Sabo, da na ƙare aikin lantarki a gine-ginen gwamnati na Washington cikin mutunci, ba a taɓa yi mini irin wannan tambaya a kan aikin hannuna ba.

Tun da na tare a layin, al'adar abokan nan biyu ba ta sauya ba. Duk Asabar sai su ɗage ƙofar gareji, su ɗora faifan wani kiɗa mai hargowa da ake kira pank, wanda suka tarar a Washington lokacin da suka zo karatu daga Jos, su kama gardama. Desmond ya ce sabon haɗin da aka fitar a sidi ya fi, domin ana jin ganga. Davou ya ce an wanke wa kiɗan datti, an haɗa da ransa. Sai ya jona jitarsa, amfilifayar ta yi gurnani har tagogina su girgiza, ya ce, "Ka ji yadda ake yi, kurman banza!"

Da ciwon hanta ya kwantar da Davou, matarsa Olive ta ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Baba, akwatin nan ya daina kamawa, kuma ba abin da yake tambaya sai shi."

Waya ɗaya ce ta tsinke. Amma malamanmu na Zariya sun hore mu cewa injiniya ba ya mayar da kaya da aibu a jikinsa. Na ga takardar lasifikar a tsage, na ciro lasifikar, na ɗaura sabuwa. Ban tambayi kowa ba.

Kafin in amsa wa Desmond, Olive ta turo Davou a keken marasa lafiya, ta ɗora masa jitar a cinya. Ya kaɗa. Sauti ya fito tas, kamar rediyo lokacin labarai. Ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya sake kaɗawa. Tas.

"To ga sidinka nan, Desmond," ya ce da ɗan murmushi. "Ka ci gardama."

"Ba na so," in ji Desmond, ya juya baya.

"Sannu da aiki, Alhaji," Davou ya ce mini. "Ta yi tsaf."

Tsohuwar lasifikar tana gidana, kuma mayar da ita ba zai kai magariba ba. Sai dai ban taɓa warware aikina a ranar da na miƙa shi ba. Na ce musu sai Asabar mai zuwa.

Ranar Laraba da hantsi Davou ya cika.

Layinmu ya sami shirun da na daɗe ina nema. Faya-fayan suna wurin Desmond, ba mai musa masa. Jitar, Olive ta rataye ta a falo. Nawa rabon shi ne tsohuwar lasifikar, tana jingine a kan teburin aikina. Duk la'asar rana takan bi ta tsagar, ta ja siririn layi a kan katakon.