Fatar Da Ta Ƙi Bushewa

Dattijo Don Chencho, badukun garin, ya tsoma soso a kwanon ruwa, ya matse shi kaɗan, ya shiga shafa wa kuben bindigar tun daga baki har gindi. Jiya da yamma fatar ta fara haske, alamar ta kama hanyar bushewa, yanzu kuwa ta koma duhu ta yi laushi. Bindigar, ƙaramar libarba, tana kwance a ciki naɗe da leda, mariƙinta na katako kawai ke leƙowa. Kwana biyar ke nan yana wannan aiki kowace safiya kafin ya buɗe shago, kuma duk ranar da ya yi sai ya ji kunyar kansa.

"Tsoho, kifi kake kiwo ne a nan?" in ji matarsa Petrona daga ƙofar kicin, hannunta duk ƙullin masara. "Kullum sai ka ba shi ruwa."

"Koma kan tandarki."

"Na koma. Amma yaron nan ba sakarai ba ne. Gidan ubansa akwai takalmi, ya san kwana nawa fata take yi ta bushe."

Ya tura kwanon ƙarƙashin tebur da ƙafa, ya rufe shi da tsumma.

Shekara arba'in da biyu yana dukanci a garin nan. Yana yin sirdi da ɗamara, amma da kuben bindiga aka san shi. Mu nan gabas namiji yakan manta hularsa a gida ya fita, amma ba ya manta bindigarsa, kuma wanda ya san ciwon kansa ba ya sayen kuben kasuwa. Wajen Don Chencho ake zuwa. Zai auna ƙugunka, ya sa ka sauke hannu ka ɗaga ya fi sau goma yana kallo, ya yanka fata ya ɗinke, ya jiƙa ta, ya cusa bindigar a ciki, ya bi ta da ƙahon barewa yana dannawa har kowane lungu na ƙarfen ya fito a jikin fatar. Daga nan bindiga sai ta kwana uku a shagonsa cikin kubenta, a inuwa, har ya bushe a jikinta. Ba ya sa wa rana, ba ya kai wa kusa da wuta. Mazan da ba sa barin matansu su taɓa musu bindiga, a nan suke ajiye ta su tafi da ƙugu fayau, ba gardama.

Wannan bindigar ta Nazario ce, amininsa tun suna yara. Kwana goma da suka wuce Ovidio Lemus ya harbe shi a bakin mashayar shanu, a kan shingen waya da aka matsar taku huɗu. Kowa ya san wanda ya yi, kuma da aka zo tambaya babu wanda ya gani. Washegarin binnewa Edvin, ɗan Nazario tilo, ya shigo da bindigar a cikin jakar leda ya ajiye a kan tebur. Shi bahago ne, kuben ubansa na dama ne, yana son nasa. Don Chencho ne ya riƙe shi a coci ranar baftisma shekara ashirin da biyu da suka wuce, ya yi alkawari gaban Allah zai tsaya masa kamar uba, shi ya sa yaron ke kiransa Padrino, uwar yaron kuma Compadre.

A ranar da yamma uwar yaron, Herlinda, ta zo a ɓoye. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ƙaninta ya samo wa Edvin aiki a tashar jiragen ruwa, ranar Asabar ta sama zai zo ya tafi da shi ko da ɗaurewa. "Ka riƙe mini bindigar nan zuwa Asabar, Compadre. Abin da nake roƙo ke nan. Muddin tana wajenka, yana raye."

Yau Alhamis. Yau ake cika kwana tara na addu'ar mamaci, yau ne kuma kasuwar shanu a garin da ke gaba, wadda Ovidio bai taɓa fashinta ba.

Ƙarfe tara saura Edvin ya shigo, da farar riga ta zuwa coci da baƙin ƙyalle a hannun riga. Ya cire hula ya sunkuyar da kai.

"Albarka, Padrino."

"Allah ya yi maka albarka. Ba ka wajen addu'a?"

"Na fito. Mata ne ke ta yi. Ya bushe?"

"Ai ka san fatar bana. Majeman nan ba su da tsoron Allah, rabin jima suke yi su sayar wa mutum. Ka ba ta kwana biyu."

"Ran Litinin ma kwana biyu ka ce."

"Iskar ce da raɓa."

Edvin ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Raɓa? A watan Maris? Padrino, rafin garin nan ya ƙafe, shanu suna lasar laka. Inna ta shanya wando da asuba, kafin ta gama kofi ya bushe ƙarau. Fatarka ce kaɗai ake yi wa damina?"

Ya miƙa hannu ya danna kuben da babban yatsa. Yatsan ya nutse, ruwa ya ɗan taso a gefensa. Ya dubi yatsan, ya dubi ƙasa inda digon ruwa ya ja layi zuwa ƙarƙashin tebur, ya sa ƙafa ya janye tsumman. Kwanon yana nan da sosonsa.

"Inna ce ta sa ka?"

"Ni na sa kaina."

"Ba ka iya ƙarya ba, Padrino. Shi ya sa ba ka yi kuɗi ba."

Don Chencho ya zauna a kan kujerarsa. "Zauna, ɗana. Kai fa ko kaza ba ka iya yankawa. Na gan ka ranar Kirsimeti, uwarka ce ta karɓi wuƙar."

"Ka ɗauka so nake?" Muryar yaron ta tashi. "Kwana tara ina zaune a falo. Kawunnaina ba sa ce mini komai. Su shigo, su gaida Inna, su dubi ƙuguna, su dubi juna, su sha kofi. Jiya Kawu Lico ya miƙo mini faranti ya ce in kai kicin tunda da mata nake zama. Mai sayar da burodi ma kallon ƙuguna yake. In na hau mota ran Asabar, shi ke nan, ba ni da gari. Inna kuma a nan za ta zauna ana nuna ta, uwar wanda ya gudu."

"Uwar mai rai."

"Kai ka faɗa."

Ya jawo kuben, ya zare bindigar da ƙyar don jiƙaƙƙiyar fata kama ƙarfe take yi, ya yage ledar. Ruwa ya sami hanya ta wani wuri, tsatsa ta ɗan yi ja a gefen bakin. Ya goge da gefen rigarsa ta coci, ya ciro harsashi shida daga aljihu ya shiga jerawa, ɗaya ya kuɓuce ya faɗi ya gangara. Ya tsince shi. Sannan ya ɗaga riga ya soke bindigar a wando, gefen hagu.

Nan ne Don Chencho ya ga abin da ba kowa zai gani ba. Bindigar ta karkace, ƙugiyar bayanta ta riga ta maƙale a rigar.

"Kada ka je haka. Ka ji ni? Kuben Ovidio ni na yi shi."

"Na sani. Na kowa kai ka yi."

"Ba ka sani ba. Sau huɗu ya zo gwaji. Na rage masa baki, na cire maɗauri, na goge cikin da kakin zuma har ya koma kamar gilashi. Ban taɓa yin wanda ya kai shi ba, har alfahari na yi da shi, Allah ya yafe mini. Hannunsa yana sauka bindiga tana tafinsa. Kai kuwa kafin ka raba taka da rigar nan ya harbe ka sau biyu ya koma cinikinsa."

Edvin ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, kuma wannan ya fi ciwo.

"To da ka bar nawa ya bushe, Padrino."

Maganar ta zauna wa tsohon a ƙirji. Kwana biyar yana ganin ceton yaron yake yi, bai taɓa kawo wa ransa cewa zai tafi ko da kube ko babu ba. Kuben da ke kan tebur ya fi na Ovidio. Da hannunsa ya zaɓi fatar daga gadon bayan bijimi, ya karkata shi daidai hannun bahago, don ko da ya yi niyyar riƙe shi, hannunsa bai iya mugun aiki ba. Da ya ƙyale shi, tun ran Asabar da ta wuce ya bushe.

"Ƙarfe nawa motar kasuwar shanun za ta tashi?"

"Tara da rabi."

"Ba ni rabin awa."

Shi kansa bai san ko so yake yaron ya rasa mota ba, ko so yake ya tafi da kube. Ya fizgi fatar ya yi kicin. Petrona tana juya wainar masara, ya ture su gefe ya ɗora kuben a tsakiyar tandar.

"Ka haukace? Kai da ka kusa sakina don na shanya maka ɗamara a rana?"

"Ƙara itace."

"Chencho, za ta ƙone."

"Na ce ki ƙara itace!"

Ta dubi fuskarsa, ta ƙara. Tururi ya tashi, warin fata ya cika kicin. Yana juya shi da yatsu yana ƙonewa bai ji ba. Ya san abin da zai faru, don shi ya koya wa mutane da yawa, amma ya tsaya yana kallo kamar yau fata za ta canza hali saboda shi. Gefen ya fara nannaɗewa. Bakin ya tsuke. Siffar bindigar da ya fitar da ƙahon barewa ta yamutse, ɗinkin ya ja gefe guda. Cikin minti goma abin ya bushe ƙarau, ya yi tauri kamar ƙaho.

Ya kawo shi shago. Edvin ya zaro bindigar ya gwada, bakinta ya shiga ɗan yatsa biyu ya tsaya. Ya ƙara dannawa, fatar ta tsage ta gefe da ɗan ƙara. Ya ajiye kuben a kan tebur a hankali, ya mai da bindigar wando, ya sauke riga a kai. Can dandali mota ta yi ham sau biyu.

"Akwai na kasuwa a shagon Turco mai tireda," in ji Don Chencho, kuma bai taɓa zaton bakinsa zai faɗi haka ba. "Na roba. Ka tsaya ka saya."

"Ba na bahago. Na duba tun ran Talata."

Ya cire hula ya sunkuyar da kai. "Albarka, Padrino."

Ba a hana ɗan baftisma albarka, ko ina za shi. Don Chencho ya ɗaga hannunsa mai ƙuna ya yi masa alamar gicciye a goshi. Edvin ya sumbaci hannun ya fita. Daga ƙofa tsohon ya ga farar rigar ta hau bayan akori-kura cikin masu kai maruƙa, hannun hagu dafe da ƙugu, kowa ya gani ya san me ke wurin.

Ya kira wayar Herlinda sau uku, a kashe, tana coci. Ya yi tunanin 'yan sanda, ya tuna ba su da yawa a garin, kuma a gidan Ovidio suke cin naman Lahadi. Lambar Ovidio tana jikin bango, rubuce da fensir kusa da awon ƙugunsa. Ya tsaya gabanta da waya a hannu. In ya kira, Ovidio ba zai bar kasuwa ba, zai juya kujerarsa ne kawai ta fuskanci hanya. Ya mai da wayar aljihu. Petrona ta kawo man kaɗanya na ƙuna ta shafa masa a yatsu.

Wajen sha ɗaya aka tashi daga coci. Herlinda ta shigo da baƙin mayafi da kwano rufe da tsumma, tamal, ƙullin masara dafaffe a ganye, na sadakar kwana tara, da zafinsu. Fuskarta ta ɗan saki, karo na farko tun ranar binnewa.

"An gama lafiya, Compadre. Ga naku. Ƙanina ya kira, ya ce Asabar da sassafe zai iso." Ta waiga titi, ta rage murya. "Yaron ya sulale daga coci, na ce a raina wajenka ya zo yi maka naci. Ka ce masa kwana biyu ko?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba.

"Allah ya saka maka. Kwana biyu kawai suka rage mana."

Ta matsa don ta sami wurin ajiye kwanon a kan tebur. Kuben ne ya tare wurin, sai ta sa hannu ta ɗauke shi, ta ji babu nauyi.