Kwalba a Bayan Gwangwanin Sukari

Auta ta zura hannu can ƙuryar kabad ɗin kicin tana laluben ganyen shayi, sai yatsunta suka ci karo da wata 'yar kwalba a bayan gwangwanin sukari. An kankare takardar jikinta tas. Ta buɗe, ta zazzage ƙwaya biyu a tafin hannunta, dogaye, masu lamba a gefe ɗaya.

Nan take ta gane su. Shekararta uku tana karatun haɗa magunguna a kwaleji, kuma a zangon nan aka yi musu jarrabawa a kan irin waɗannan ƙwayoyin. Masu ciwon daji ake ba wa, su ma sai abin ya yi nisa.

"Auta! Shayin nan daga gona za ki tsinko shi?"

Doguwa ce daga falo, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya a makaranta, wadda ta biyo ta gida don taya ta haɗa kaya. Jibi Auta za ta tafi wata ƙasa horo na shekara guda a wani babban asibiti. Cikin ɗalibai tamanin, ita kaɗai aka zaɓa.

"Ina zuwa," ta ce, ta jefa kwalbar cikin aljihun rigarta.

Sai yanzu abubuwan da ta gani tun jiya suka fara haɗuwa a kanta. Yaya, da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa ofis, ya ɗauki hutun mako guda. Ko tari aka yi sai ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Idan ta shiga ɗaki, hira ta mutu. Ga Baba kuma. Ta leƙa ta taga, ta hango shi zaune a tsakar gida. Lokacin kaka ya shigo, ganyen bishiyar gidan ya yi ja yana zuba, yana sauka a kan gwiwoyinsa, ko kaɗewa bai yi ba. Mutumin da sai an yi da gaske yake rufe shagonsa na kafinta, yau tun azahar ya dawo. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ta ajiye wa Doguwa shayi.

"Ke, lafiya? Kin yi wani iri. Kewata ce ta kama ki tun yanzu? Kwantar da hankalinki, gadonki dai na gaje shi, har da bargon."

Auta ta yi yaƙe, ta fice.

A bakin ƙofar gida ta sami Yaya durƙushe, yana ɗaure babbar akwatinta da igiya. Iska mai sanyi na kwasar ganye tana watsawa a titi, sama ta yi duhu kamar za a yi ruwa. Ta fito da kwalbar, ta kai ta gaban idonsa.

"Tun yaushe Baba yake shan wannan?"

Hannunsa ya tsaya cak. Ya waiga cikin gida kafin ya dube ta.

"Mayar da ita inda kika ɗauko."

"Yaya, ni fa karatuna ke nan. Na san ta, na san wanda ake ba wa. Tun yaushe?"

Ya zauna a kan akwatin, ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Ba ta Baba ba ce."

"To ta wa?"

Ya sake waigawa cikin gida. Daga cikin gida dariyar Umma ta taso, irin wadda ake jiyowa har maƙwabta, ta Doguwa na biye da ita. Auta ta dafa bango.

"Wata biyar ke nan," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Baba kasa cin abinci ne ya ramar da shi, tun ranar da likita ya ja shi gefe. Umma ce ta kankare takardar da kanta. Ta sa mun yi mata rantsuwa. Ta ce duk wanda ya sa kika fasa tafiyar nan ba za ta yafe masa ba."

"Me likita ya ce?"

"Ban tambaye shi abin da kike nufi ba. Na kasa."

"Shekara guda fa zan yi, Yaya."

Ya sunkuya ya ja igiyar, ya ƙara jan ta, alhali ta riga ta ɗauru.

"Autata!" Umma ta ƙwala kira. "Zo nan!"

Kicin ya cika da tururi. Umma na tsaye kan tukunyar miyar da za a ba baƙin da za su zo sallama da yamma, Doguwa na yanka albasa tana hawaye tana tsiya. Auta ta tsaya tana kallon mahaifiyarta kamar yau ta fara ganinta. Hannu ɗaya na juya ludayi, ɗayan ya riƙe gefen murhu gam, har jijiyoyinsa sun tashi.

"Kin tsaya kamar baƙuwa. Ɗanɗana mini. Kwanan nan harshen nan nawa ya zama katako, ba na jin komai. Tsufa ne."

Ta miƙo mata ludayin, tana hura shi kamar yadda take yi mata tana ƙarama. Auta ta kurɓa. Gishiri ne zalla.

"Ya ji?"

Idanun Umma na kanta, ba sa ko ƙiftawa. Auta ta haɗiye.

"Ya ji, Umma. Daidai."

"Yauwa. To ki ci ki ƙoshi, can babu mai yi miki irin tawa."

Auta ta ɗauko kwano daga kan kanta, mafi girma a cikinsu, ta miƙa mata.

"Cika mini," ta ce.