Baƙon Hashimu da Harshen Gotawa

Hashimu tela ne a Jarwal, wata unguwa ta Makka, kuma duk wanda ya yini a bakin shagonsa zai ji harsunan duniya suna wucewa ta gabansa. A Makka aka haife shi. Mahaifinsa ne ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ya shekara da yawa a Sudan kafin ya haye teku, ya rasu ya bar masa keken ɗinki da gida mai ɗaki a sama. Kunnen Hashimu ya saba. Ko bai gane abin da ake faɗa ba, zai gaya maka wannan mutumin Jawa ne, wancan Bahindi, wancan Baturke. Shi ya sa abin da ya ji a bakin 'yarsa Ramlatu ya tsaya masa a rai.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne da 'yan shekaru. Yarinyar ba ta wuce shekara bakwai ba, tana zaune a dokin ƙofa tana tsintar ƙyallaye, sai ga raƙumi ɗauke da gawayi. Ta nuna shi ta ce, "Ulbandus!" Can kuma ta ɗaga moda ta ce, "Baba, wato."

"Wato me?" in ji Hashimu.

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ruwa ke nan, Baba. Ammi Abubakar ya ce haka suke cewa."

Abubakar ɗin nan da take kira Ammi, wato baffa, shi ne mai haya a ɗakin sama. Dattijo ne fari, siriri, mai tabarau ɗaure da zare. Mutanen unguwa Bukhari suke ce masa, kamar yadda suke ce wa duk wanda ya fito daga ƙasashen Musulmi da ke ƙarƙashin Rasha, amma shi ya ce daga Ƙirim yake, wata ƙasa a bakin teku arewa da Turkiyya. Ba ya fashin jam'i, ba ya shiga sabgar kowa. Da rana yana rubuta wa alhazai wasiƙu a kusa da Harami, bayan la'asar kuma ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida da takardunsa, yana magana shi kaɗai. Hashimu ya daɗe yana jin ƙus-ƙus ɗin, ya ɗauka wuridi ne.

Washegari ya bar ɗinki ya laɓe a zaure. Ya ga dattijon yana karanta wa Ramlatu wani abu, yana kumbura kumatu, yana kwaikwayon muryar dabba. In ya gama sai ya maimaita mata da Larabcinsa mai nauyi, ya zuba mata ido. Ta yi dariya, ya bar rubutun yadda yake. Ta yi shiru, ya soke ya sake. Harshen kuwa Hashimu bai taɓa jin mai kama da shi ba, a garin da babu kalar ɗan Adam da ba ya zuwa.

Ya kai maganar wurin maƙwabcinsa Tsoho, wanda ya yi shekaru yana yi wa wani muɗawwif, wato jagoran alhazai, hidima, kuma yake ganin ba a taɓa yin mutumin da ya ɓoye masa ba.

"Ɗayan uku ne," in ji Tsoho, yana kurɓar gahawa. "Ko mai sihiri, ko ɗan leƙen asirin Rasha, ko Nasara da ya yi shigar Musulmi. Ka taɓa jin harshen da ba shi da masu shi? Sai na aljanu. Kuma me ya sa sai yarinya? Ya sheikh, mai neman alheri ba ya fara da ƙananan gida."

Hashimu ya hana Ramlatu fita tsakar gida. A makon nan zazzaɓi ya kama ta, kuma cikin zafin jiki ta riƙa sambatu da kalmomin nan. Zazzaɓin bai bar gida ɗaya ba a lungun, Hashimu ya san da haka. Duk da haka, ranar da ta farfaɗo ya sa rigarsa ya tafi wurin umda, mai unguwar.

Umda ya sa aka kira Abubakar da takardunsa. Ya kuma aika aka zo da wani Baturke mai sayar da darduma, da Bukhari mai gasa gurasar tamis, da wani malami Bahindi. Abubakar ya karanta musu shafi guda. Suka dubi juna, kowa ya ce ba nasu ba ne. Rubutun ma ba boko ba, ba Larabci ba, wasu haruffa ne masu kusurwa. Tsoho ya taɓa gwiwar Hashimu.

"Harshen wa ne wannan?" in ji umda.

"Na wasu mutane da ake ce wa Gotawa, ranka ya daɗe. Sun ƙare tun da daɗewa. Na ƙarshensu a duwatsun ƙasarmu suka zauna, ina yaro na yi kiwo a kufansu. Da na girma na karanci harshen, na koyar a makarantar malamai."

"To me kake rubutawa da shi?"

"Labaran yara. Akwai wani tsohon littafin tatsuniyoyi da kowane yaro a ƙasarmu ya tashi da shi, na san shi da ka. Shi nake juyawa. Abin da ya rage na harshen nan duk maganar manya ce, babu ko ɗaya ta yara. Yarinyar kuwa kunnenta nake aro. In magana ba ta yi wa yaro daɗi ba, ban juya daidai ba."

Hashimu ya kasa haƙuri. "Wa zai karanta? Ni tela ne, ban taɓa ganin an ɗinka riga ba mai sawa ba."

Dattijon ya cire tabarau ya goge. Ya ce lokacin yaƙi yana wajen ƙasa aka loda mutanensu a jiragen ƙasa aka watsa su, har matarsa da 'ya'yansa, kuma har yau bai ji ɗuriyarsu ba. "Na ga yadda ake share al'umma daga ƙasarta. Ina so wani ya yi wa harshenmu irin wannan aikin wata rana, in ta kai ga haka. Ba ni da wata amsa."

Amma Tsoho ya raɗa wa Hashimu cewa ɗan leƙen asiri ba ya fitowa sai da labari mai sa hawaye.

Umda mutum ne mai dabara. Ya buɗe takardun a tsakiya, ya ce a fassara wannan shafin. Abubakar ya ba da labarin kerkeci da ya sa fatar tunkiya ya je bikin awaki, wutsiyarsa ta tona shi. Umda ya karɓi allura da zare a wurin Hashimu ya yi wa shafin alama, ya riƙe takardun. Bayan Juma'a ya sake kiran su, ya cakuɗa shafukan, ya miƙa wa Abubakar shafin mai zaren. Labarin ya fito yadda yake, kalma da kalma. Ya zaro wasu shafukan ba tsari, su ma labaran dabbobi ne.

Da a nan aka tsaya, da an rabu lafiya. Sai idon umda ya kai kan wani littafi bugun inji da ke ƙarƙashin takardun, ya tambayi na mene ne.

"Nahawun harshen ne, da ragowar rubutunsu," in ji Abubakar. "Ba zan ɓoye ba. Yawancin abin da ya rage fassarar Linjila ce, don su Nasara ne. Daga nan nake tsinto kalmomi."

"Kun ji ko!" in ji Tsoho da ƙarfi.

Hashimu ya dubi littafin. A gidansa, ƙasa da tafiyar shan shayi daga Ka'aba. Sai dai wani abu ya riƙa ci masa rai: babu mai iya karanta littafin nan a duk wurin, da dattijon ya ce na magani ne da ba wanda zai musa. Ko gaskiya ce ta sa ya faɗa, ko kuwa wayo ne ya fi nasu?

Umda ya ce bai ga sihiri ba, kuma mutumin da unguwa ta shaida sallarsa ba za a kafirta shi da zato ba. Amma littafin ba zai sake kwana a Makka ba. Abubakar ya ce in babu shi aikin ya tsaya, don haka zai bi shi Jidda. Hashimu da kansa ya ɗaukar masa akwati zuwa tashar lori, suka yi sallama.

Aka ji Abubakar ya samu aikin tafinta a tashar jiragen ruwa. Tsoho ya ce ai dama, ina ɗan leƙen asiri zai fi so in ba bakin teku ba?

Da shekara ta zagayo Hashimu ya je Jidda saro yadi, ya ci karo da Abubakar a wani gidan gahawa, ya ƙara ramewa. Dattijon ya tashi ya rungume shi, ya tambayi iyali, ya sa aka kawo shayi. Hashimu ya tambaye shi ko aikin fassarar ya ƙare.

"Zomo ya tsayar da ni," in ji Abubakar. "Duk rubutun da suka bari babu sunan zomo. Dole in ƙera shi daga harsunan danginsu."

Hashimu ya ajiye finjali. "Kai za ka ƙera? To wa ya san ko sauran ma ba kai ka ƙera ba?"

"A nan babu wanda ya sani," in ji dattijon, yana murmushi. "Sai dai ka yarda da ni, ko ka ƙi."

Hashimu ya shanye shayinsa, ya yi godiya, ya ɗauki ƙunshin yadinsa. Da ya koma Jarwal, Tsoho ya tambaye shi labarin Jidda. Ya ce yadi ya yi tsada.