Gonar da Ba a Shafa wa Fenti Ba

Ni dai tun farko ban yarda da Kamaluddeen ba, kuma ban ɓoye ba. Ɗan maƙwabtanmu ne a Zurmi, ya je Zariya ya karanto zane, ya samu aikin koyarwa a Kaura Namoda. Duk Juma'a sai ya dawo gida da ɗan littafi a aljihu, ya bi manoma da tambaya: ina gonarka take, me ka shuka, yaushe ka daina zuwa? A garin da 'yan bindiga suka raba mu da gonakin daji, kuma kowa ya san da ɗan gari suke haɗa baki, wannan tambayar mutumin kirki ce?

Sau uku yana zuwa shagona na ɗinki yana tambayata gonar ƙanena Imrana, wanda aka harbe a cikinta bara waccan. Sau uku ina korarsa.

Ran nan na shiga zaurensu aron tsani, sai ga wani ƙyalle jingine da bango, faɗinsa ya kai tabarma. Babu mutum, babu dabba, babu ko itace. Yanki-yanki ne kawai na fenti, ja da rawaya da kore, kowanne da iyakarsa. Taswirar gonaki ce yake haɗa wa 'yan bindiga, wallahi! Ko tsanin ban ɗauka ba na wuce wurin mai unguwa Tambari.

Bayan la'asar aka kira shi ƙofar gidan mai unguwa da ƙyallensa. 'Yan sa-kai biyu na tsaye a gefe, kuma duk mun san wanda aka miƙa musu ba ya dawowa yadda ya tafi.

"Ɗana, mi na na wanga?" in ji Tambari.

Kamaluddeen ya soma bayani. Wai shekaru ɗari da suka wuce masu zane a Turai suka daina kwaikwayon kamannin abu, suka koma ga launi da layi. Wai daga baya ɗalibai a Zariya suka ce a haɗa wannan da zanen gida, irin na faifai da ƙwarya.

"Bar mu da Turawa," na katse shi. "Gonakinmu na ko ba su ba?"

"Su na, Baba Nasidi. Waɗanda munka bari."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ni kuwa har da gyara hula, don na kama ɓarawo.

Tambari, wanda ya san kowace kunyar gona a dajin nan, ya duƙa ya daɗe yana duba. "Wagga rawayar ta wa?"

"Ta Ismail, gero."

"Ta kusa da ita hwa?"

"Taka, dawa."

Tsohon ya ɗago. "Gonar Ismail tana hanyar Shinkafi, tawa tana kudu, tsallaken gulbi. Wanda duk ya bi wagga taswira cikin ruwa za shi faɗa."

"Ba wuri nika bi ba, Baba, shekara nika bi. Layin sama waɗanda anka bari da farko, har zuwa ƙasa. Launin kuma abin da anka shibka daminar ƙarshe."

Hayaniya ta mutu. Mutane suka matso, kowa na neman tasa. Har ɗaya daga 'yan sa-kan ya jingine bindigarsa ya sa yatsa a kan wani ja.

Kunya ta kama ni, amma taurin kai bai sake ni ba. Na hango wani yanki fari fat a layin ƙasa, ba a shafa masa komai ba.

"To wanga da ka ɓoye hwa? Alamar mi ta?"

Ya dube ni, babu fushi a idonsa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. "Ta Imrana ta. Ban san abin da ya shibka ba. Kai kaɗai ka sani."

Na buɗe baki in yi masifa, sai na tuna ni na auna masa irin da hannuna, a bakin rumbu, da safiyar shuka.

"Maiwa," na ce. "Maiwa ya shibka."