Muryar Adda Keturah

Ƙa'idoji uku gare mu a Bayan Labule, kuma ni na rubuta su da hannuna: babu yara, babu tilas, babu mutumin gaske. Bayan Labule shafi ne na labaran manya, irin waɗanda matan aure ke karantawa a waya, su kife ta da zarar an yi sallama. Sakinatu ce mai shafin. Tare muka yi sakandare, ita ta jawo ni na zama mai tacewa. Duk labarin da aka turo sai ya bi ta hannuna, in gyara, in mayar wa mai shi, ko in yi wurgi da shi. Marubutan sun laƙaba mini suna Kwastan, kuma ko a jikina. A ofis ni mai buga takardu ce, a coci ni ce magatakardar zumuntar mata. In ban da Sakinatu, babu wanda ya san ni Fibi ni ce Kwastan.

Maza sun sha shigo mana da sunan mata, shi ya sa muka ƙara doka. Sabuwar marubuciya sai ta turo saƙon murya, ta ce ita mace ce, ta haura shekara ashirin, kuma abin da ta turo nata ne.

Ranar wata Alhamis da tsakar rana, an ɗauke wuta a ofishinmu na Jimeta, zafi ya kori kowa zuwa baranda. Na samu sarari na buɗe shafin. Sai na ga Sakinatu ta riga ta sa wa wani sabon labari hannu ba tare da ta jira ni ba, har ta yi wa mutane talla cewa ƙarfe huɗu zai fita, wai labarin gaskiya ne daga bakin mai shi.

Na fara karantawa ina tsaki. Kafin shafi na biyu na daina. Matar labarin nas ce, tana zaune a Yolde Pate, gidan da ke kallon famfon unguwa, mai bishiyar mangwaro a ƙofa. Tana da tabon ƙunar mai a tsintsiyar hannun hagu. Tana ba da labarin yadda take shigo da wani namiji idan mijinta ya fita, dalla-dalla, babu abin da aka rage. Ba a faɗi suna ba, amma duk wanda ya taɓa zama kusa da yayarmu Adda Keturah a ƙungiyar mawaƙan coci ya san wannan tabon.

Na sa abin ji a kunne, na danna saƙon muryar. Muryarta ce. Na maimaita har sau uku, ina fatan kunnena ne ya yi mini ƙarya.

Na zaga bayan ofis, gindin dogonyaro, na kira Sakinatu.

"Ki cire labarin nan," na ce. "Na san matar."

"To, sai me? Ita ta turo. Kin ji muryarta ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

"Doka ta ce kada a rubuta wani. Ba ta ce kada mace ta rubuta kanta ba. Ke kika tsara dokar, Fibi."

"Ba ita ta rubuta ba. Duba sakin layi na shida. Matar da ƙananan kitso a kanta, wai ta tsefe shi cikin minti biyu ta baza gashi, aka gama, ta koma aiki da kitsonta a kai. Wace mace ce za ta rubuta haka? Ke kin taɓa tsefe ƙananan kitso cikin minti biyu?"

Sakinatu ta ja numfashi. "Labari ne, mutane suna kuskure. Wancan watan labari goma sha ɗaya kika jefar, marubuta biyu suka bar mu. Na gaji da ba mutane haƙuri saboda ke. Na riga na yi talla. Idan ita da bakinta ta ce mini ba nata ba ne kafin huɗu, zan cire. In ba haka ba, zai fita."

Ta kashe waya. Na tsaya ina huci. Sakinatu mace ce mai kirki, amma idan ta kafe, gara ka yi magana da bango.

Lambar da aka turo labarin da ita ba wadda nake da ita ta Adda Keturah ba ce. Na duba ta sosai, na shiga rukunin cocinmu na waya na laluba, sai ga ta a ƙarƙashin sunan mijinta, Apollos, layinsa na biyu. Nan fa biri ya yi kama da mutum. Kowa a zumunta ya san ba zaman lafiya a gidan. Ya fasa mata baki a watan jiya, ta ce za ta koma gidansu da 'ya'yanta biyu, dattawan coci suka sa Asabar mai zuwa don su zauna a kan maganar. Idan labarin ya fita ranar Alhamis, kafin Asabar ya zaga wayoyin garin nan kaf. Za ta shiga zaman ne a matsayin mazinaciya mai tallan kanta, kuma babu dattijon da zai ba irin wannan uwa riƙon yara.

Na kira lambarta, a kashe. Na sake kira, a kashe.

Ƙarfe biyu da rabi ta yi. Na san idan na je, dole in faɗi yadda aka yi muryarta ta zo wayata. Shekara huɗu ina ɓoye wannan abu, ko mijina bai sani ba. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, amma na rufe aljihun tebur. Na ce wa oga ciwon kai ya matsa mini, na fita na tari keken haya.

Mai keken ya tsaya ɗaukar fasinja har sau huɗu a hanyar Yola. Na ce masa, "Malam, na biya kujerun duka, don Allah mu tafi." Ya waiwayo ya dube ni, ya ga ba wasa a fuskata.

Uku da kwata na isa. Na same ta a tsakar gida tana wanke farin kayan aikinta, yara ba su dawo daga darasi ba.

"A'a, Fibi? Da ranar nan? Lafiya?"

"Adda, ina wayarki?"

"Baban yara ya karɓa tun Litinin, wai zai kai gyara."

"Yana gida?"

"Sai wajen huɗu. Me ya faru?"

Ban zauna ba. Na danna mata saƙon muryar. Ta saurara, kumfa na ɗiga daga hannunta.

"Ai wannan na rajistar tallafin mata ne," ta ce. "Shi ya rubuto mini a takarda ya ce in karanta. Ya aka yi ya zo wurinki?"

Na buɗe labarin na miƙa mata. Ta goge hannu a zani, ta fara karantawa a tsaye. Can sai ta laluba turmi ta zauna a kai. Ta kai wurin tabon, ta dubi hannunta, ta ci gaba. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

"Wa ya ga wannan?"

"Ni da wata. Ƙarfe huɗu mutum dubu shida za su gani, sai dai in kin ce ba naki ba ne."

"Ke mene ne naki a ciki?"

"Ni nake tace labaran shafin, Adda."

Ta ɗago ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi. Ni da nake karanta sanarwa kowace Laraba a gaban mata, ni da nake tsawata wa 'yan mata kan gajeren siket. Na ji kunya kamar in nutse.

"Ke, Fibi?"

"Ni. Ki zage ni daga baya. Yanzu uku da rabi ta wuce."

Na kira Sakinatu, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, ta katse. Na danna wurin ɗaukar murya na kai wayar bakin Adda Keturah. Ta faɗi sunanta, ta ce ba ta taɓa rubuta labari ba, ta ce mijinta ne ya yaudare ta ta karanta takarda. Na tura. Saƙon ya tsaya yana juyawa, sabis ɗin unguwar ya ƙi. Na fita ƙofar gida, na ɗaga wayar sama a gindin mangwaro kamar mai tallanta. Huɗu saura minti goma sha biyu ya tafi. Saura bakwai amsa ta zo: "Innalillahi. Na cire. Ki ba ta haƙuri."

Ina komawa ciki na ji ƙarar babur. Apollos ya turo shi tsakar gida, ya cire hular kwano, ya yi mini murmushi.

"Madam magatakarda, yau a gidanmu?"

"Sanarwar zumunta na kawo, Hamma," na ce, yadda muke kiran babban wa a nan.

"Madalla."

Ya zauna a kujerar roba, ya ciro waya. Adda Keturah ta koma kan wankinta, tana cuɗa riga ɗaya ba ta daina ba. Ni kuma na ƙi tafiya. Ya duba agogo, ya shafa wayar, ya sake shafawa. Huɗu da minti biyar murmushin ya tafi. Ya ɗago ya dubi matarsa, ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya tashi ya shige ɗaki.

Ta raka ni har bakin famfo. Ta ce yau ita da yara a gidan ƙanwarta za su kwana.

"Amma tsugune ba ta ƙare ba," ta ce. "Labarin yana wayarsa, muryata ma tana wayarsa. Ranar Asabar zai ajiye su a gaban dattawa, ya ce ni na tura, na ji tsoro na sa aka cire. Wa zai yarda da ni?"

"Akwai shaida. Da layinsa aka turo, ranar Talata ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Kina asibiti a lokacin, wayarki ma tana hannunsa."

"A ina shaidar take?"

"A shafin. Masu tacewa kawai ke gani."

Ta tsaya. Ta san abin da take shirin roƙa, ni ma na sani. Mijina Hosea yana cikin dattawan da za su zauna.

"Ba zan tilasta miki ba," ta ce. "Kin riga kin yi mini abin da ko 'yar uwa sai haka. Amma 'ya'yana ne, Fibi."

Na hau keke na tafi. Kwana biyu ina juya maganar. Na ce Sakinatu ta zo ta faɗa, ta ce ita da shiga coci ta tsaya gaban dattawa kan labarin batsa, ai sai dai a kai gawarta. Na gwada gaya wa Hosea ranar Juma'a, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko a ƙara masa miya.

Ranar Asabar ƙarfe goma aka zauna a ƙaramin ofishin coci. An kira ni ne don in rubuta abin da aka tattauna a madadin zumunta. Apollos ya yi yadda ta ce zai yi. Ya kunna muryar, ya miƙa wayar ga Baba Absalom, shugaban dattawa. Tsohon ya karanta layi kaɗan, ya cire tabarau, ya tura wayar gefe da ɗan yatsa.

"Keturah, muryarki ce?"

"Muryata ce, Baba. Amma ban rubuta ba."

"Kina da mai shaida?"

Ba ta dube ni ba. Ta sunkuyar da kai, kuma na gane ba za ta kira sunana ba ko da za a raba ta da yaran a yau.

Na ajiye biro. Na ce, "Baba, da layin Apollos aka tura labarin, ranar Talata, tana wurin aiki."

Kowa ya juyo. Hosea ya ɗan matso gaba a kujerarsa.

"Ke kuma ta yaya kika sani, 'yata?" in ji Baba Absalom.

Na buɗe shafin, na tashi na ajiye wayata a kan teburin, tsakaninsa da mijina.

"Ni aka turo wa, Baba. Shekara huɗu ke nan ni nake tace labaran wurin."