Zobe a Ƙwaƙwalwar Mai Ɗinki

Da hantsi mai ɗinki tana kan kekenta, tana haɗa hannun wata riga, sai ta ga allurar na sauka a hankali kamar cikin ruwa. Ta buɗe baki za ta kira maƙwabciyarta, magana ta ƙi fitowa. Ko da ta farka, tana kwance a asibiti, yayanta na tsaye a kanta riƙe da takalmanta.

Aka tura ta cikin injin ɗaukar hoton kai, wani farin rami mai ƙara. Ita dai ji take kamar tana cikin kwale-kwale, ana ta sara itace a wata gaɓa mai nisa.

Da rana likita, wata dattijuwa mai tabarau, ta juyo musu da fuskar kwamfuta. Cikin toka-tokar ƙwaƙwalwa ga wani farin zobe, tsakiyarsa baƙi.

"Auta, ashe nan kike ɓoye kayan adonki," in ji yayan.

"Abubuwa da dama na fitowa da wannan siffa," in ji likita. "Ƙurji mai mugunya, ko tarin fuka da ya hau kai, ko ƙwan tsutsar ciki. Wani lokaci kuma ciwon daji. Hoto kaɗai ba zai raba mana gardama ba."

Kwana uku ana ɗibar jini, ana tambayoyi. Tana tari? A'a. Ta rame? Yayan ya ce ai tun haihuwa haka take, kamar sillen kara. Ita kuwa tana kwance tana kallon labule. Wani sa'in gadon ya tashi da ita har kusa da fanka, ta riƙa hango zannuwan gadaje daga sama, tana mamakin wanda ya yi musu irin wannan karkatacciyar kalmasa.

Rana ta huɗu likita ta lura cewa da gefe ɗaya mai ɗinkin take tauna.

"'Yata, buɗe baki in gani."

Wani haƙori ne can ciki ya ruɓe, wata biyar tana lallaɓa shi da ruwan gishiri. Daga nan ƙwayar cuta ta bi jini ta yi gida a kai.

Ashe zoben ƙurji ne. Aka aske mata gefen kai, aka huda, aka zuƙe mugunyar, aka cire haƙorin. Mako shida ana ba ta magani ta jijiya.

Ranar da aka sallame ta, ta ƙi shiga mota. Suka bi gefen titi a ƙafa, ita da yayanta, tana tsayawa kowane ɗan lokaci don ta ji iska na shafar inda aka aske mata.