Fuskar da Muka Rufe

A gidan talabijin ɗinmu na birnin Semarang, a bakin teku, akwai wata baƙar riga mai hula da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin labarai. Ba wanda ya san mai ita, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya wanke ta ba. Duk ranar da labarin masu kutse a intanet ya taso, sai a nemo wanda ya fi kowa rama a ofis a zura masa ita, a kashe fitilu, a zaunar da shi gaban kwamfuta yana buga shirme, ni kuma in ɗauka. Ni ne mai kyamara, sunana Danang. Da rigar nan mun yashe bankuna, mun kutsa ma'aikatu, alhali mai sanye da ita yawanci tunanin abincin rana yake yi.

Editanmu Pak Gunarso (Pak a wurinmu kamar a ce Malam ne) mutumin kirki ne in ka same shi a gida. A ofis kuwa ya yi imani mai kallo ba ya tsayawa a tasha sai gabansa ya faɗi. Da aka fara yayata wata sabuwar manhaja ta ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake yi wa magana ta amsa, wai tana iya gano duk kafar da ɓarawo zai bi ya shiga kwamfuta, sai tashoshin waje suka cika da jajayen idanu da ƙoƙon kai. Pak Gunarso ya ce shi ma a nemo masa nasa, amma na gida.

Na gidan da aka samo ita ce Sekar, injiniya a kamfanin da ke kula da injinan zuƙe ruwa na unguwannin bakin teku. Mu da muke ƙara wa daɓen gidajenmu tudu duk bayan 'yan shekaru don gudun ruwan teku, har sai mun sunkuya kafin mu shiga ɗaki, mun san darajar injinan nan. An ba Sekar izinin ta sa sabuwar manhajar ta binciki tsohon tsarin da ke tafiyar da su, ta kuma yarda in ɗauki aikin.

Na je da hantsi, ina zaton zan tarar da ɗaki mai duhu. Na tarar da taga a buɗe, fanka na juyawa, da mace 'yar siririya tana cin soyayyen tempe, wato ƙosan waken suya, da hannun hagu. Ta rubuta wa abin nan, wato manhajar, tambaya da harshenmu, kamar mai roƙon maƙwabciya ta duba mata tukunya. Tsarin da ta miƙa masa ya girmi aikinta nesa ba kusa ba. Hannaye da yawa sun yi masa faci, wasu masu facin ma sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu mutum guda a kamfanin da ya taɓa karance shi.

Ta zuba mana shayi da ƙanƙara. Ƙanƙarar ba ta narke ba amsa ta fito.

Sekar ta karanta mini a fili. Ya ce waɗanda suka kafa injinan sun bar wa kansu wata 'yar ƙofa don su riƙa gyara daga nesa, suka tafi ba su rufe ba. Duk wanda ya gano ta zai iya kashe injinan gaba ɗaya, allon masu gadi kuma ya ci gaba da nuna musu komai lafiya. Ya nuna hanyar daki-daki, ya faɗi yadda za a toshe, sannan ya ƙara da cewa toshewar za ta rikita wata tsohuwar ƙararrawa, don haka a gyara ta tare. Ba gadara, ba gaggawa. Abin da ya kwana shekara da shekaru a ƙarƙashin ƙafafunmu, ya ɗago shi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Na taɓa ɗaukar dutse yana aman wuta hannuna bai motsa ba. Ranar nan tsigar jikina ta tashi, na rasa ko tsoro nake ji ko tasbihi ya kamata in yi.

"Mbak Sekar," na ce, kamar yadda muke kiran mace da girmamawa, "wannan abu ai ya isa a ji tsoronsa."

"A ji mana, Mas," ta ce, wato ɗan'uwa. "Ni ma ina ji. Abin da ya nuna mini yau, wani irinsa zai nuna wa mugu gobe, shi ya sa nake sauri. Kai dai riƙe kyamararka da kyau, na ga tana kaɗuwa kamar ta ga surukarta."

Kafin la'asar ita da abokan aikinta sun toshe ƙofar, na ɗauki wannan ma. Alfarma ɗaya ta roƙa, a ɓoye fuskarta, don ba ta son 'yan damfara su san wadda ke riƙe da makullan. Na ce wannan mai sauƙi ne.

Sai dai mu hanya ɗaya muka sani ta ɓoye fuska. A dusashe ta, a kaurara murya har ta koma ta dodo, kamar yadda muke yi wa 'yan sane in 'yan sanda sun jera su. Masu tace hoto suka yi abin da suka saba, ba da mugun nufi ba. Pak Gunarso ya ɗauki inda take cewa za a iya kashe injinan gaba ɗaya, ya zubar da toshewar, ya cusa hoton baƙar riga a tsakani. Kanun ya ce ga matar da za ta iya nutsar da gari da yatsa ɗaya. Na yi faɗa har muryata ta dishe.

"Haba Danang," ya ce, "wa zai ajiye cokalinsa don ya kalli ƙofa a rufe?"

Mun rufe fuska, mun manta hannu. A tsintsiyar hannun hagun Sekar akwai tabon ƙunar mai tun tana ƙarama, kuma rabin layinsu ne suka raka ta asibiti a lokacin. Kafin a gama labarai kowa ya gane ta, kowa kuma ya san irin mutanen da ake yi wa wannan murya.

Ba wanda ya zage ta, mu ba ma haka. Murmushi ake yi maka, a rage masa faɗi kaɗan. Mata a gindin keken mai kayan miya sukan yi shiru in ta zo wucewa. Aka yi taron unguwa aka manta a gaya wa mahaifinta, Pak Sumarji, tsohon malamin makaranta wanda kullum da yamma yakan zauna a ƙofar gida da kejin kurciyarsa. Tsohon ya shigar da kejin ciki. Bai tambaye ta komai ba, wannan kuwa ya fi mata zafi.

Ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye. "Mas Danang, cewa na yi ka ɓoye fuskata, ban ce ka ara mini ta ɓarauniya ba. Babana ko masallaci ya daina fita."

Ana cikin haka teku ta yi babbar cika, ga ruwan sama a kai. Pak Gunarso ya tura ni da murna in ɗauko masa ambaliya. Na hau katangar bakin ruwa na tsaya. Ta hannuna na dama teku ce, ta fi titi tudu, tana lasar leɓen katangar. Ta haguna layin su Sekar ne, laima kawai ya yi, wata mata na kwashe suyarta a ƙarƙashin rumfa ko ɗago kai ba ta yi. A tsakani manyan bututu na aman ruwa da rugugin da nake ji har a haƙorana. Sekar na wajen cikin rigar ruwa. Ta matso kunnena ta gaya mini cewa tun da muka watsa labarin ake ta ƙwanƙwasa waccan ƙofa daga wurare daban-daban, kowa ya tarar da ita a rufe. Na dubi tekun, na dubi matar mai suya.

Pak Gunarso ya kalli abin da na kawo ya ce ai ba abin da ya faru. Har yau sauran gari inuwar nan mai muryar dodo suka sani.

Ni dai ina da ainihin hoton, wanda ba a taɓa ba. Na tambayi Sekar ko in nuna shi a layinsu. Ta ce waɗanda take ɓoye wa fuska ba a layinsu suke ba. Mai unguwa ya amince. Bayan magariba muka ɗaure farin zanin gado tsakanin turken lantarki da bishiyar mangwaro, na kunna majigi. Layin ya cika, wasu don kallon kyauta, wasu don su ga ƙarshen abin kunya.

Da farko ana ta dariyar yadda take cin tempe. Da amsar ta fito, Sekar ta cikin zani ta fara karantawa da muryarta ta gaskiya, sai dariyar ta tsaya. Mutanen da suka sha kwashe katifu a ka suna jin yadda tekun ta daɗe da samun ƙofa ba su sani ba. Wata tsohuwa a gaba ta dafe ƙirji tana salati a hankali. Aka zo inda aka toshe, aka zo inda Sekar ta jingina da kujera ta rufe ido tana sauke numfashi.

Ban san Pak Sumarji ya fito ba sai da na ga inuwarsa tana hawa zanin. Ya ratsa mutane a hankali, ya je ya tsaya dab da fuskar, wadda ta fi ƙofar gidansa girma. Ya tare wa kowa kallo, ba kuwa wanda ya ce ya zauna. Ya daɗe a haka, sannan ya juyo, hasken na dukan idanunsa da suka jiƙe.

"'Yata ce wannan," ya ce.

Kowa a wurin ya sani, don saninta ne ma aka ja baya da shi. Amma shi sai a lokacin ya iya faɗa a gaban mutane. Ya laluba inda nake a bayan majigi.

"Mas, mayar da shi farko. Ban zo da wuri ba."